Fuskar da Na Shafe da Farar Ƙasa

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa na bayan kasuwar Filinge. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, an dawo an shimfiɗa tabarmi.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa, kuma kowa da irin abin da ya zo da shi a baki. A wajen maza wani malami daga Tabla ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya yafe wa mamaci siffofin mutane da ya yi ta zanawa, jama'a suka shafa a sanyaye, sai ka ce ɓarawo aka binne. Da maganar ta shigo cikin gida sai da mata suka riƙe mini zane, don na miƙe zan fita in tambaye shi ko shi aka ba ajiyar makullin aljanna. Tsofaffin soja biyu da suka rage a gari sun zo da lambobinsu a ƙirji. Ɗayansu ya ce tun da uwarsa ta haife shi babu wanda ya taɓa zama yini guda yana kallon fuskarsa sai wannan bawan Allah. Yaran zamani kuwa ba su ma san an yi wani mai zane ba. Su a wurinsu tsohon nan ne mai fentin ƙofofin shaguna ya mutu.

A rana ta uku wata tsohuwa ta sauka daga motar Sanam da wani abu naɗe a tsumma. Ta gaishe mu, ta zauna, ta kwance. Allon katako ne, a kansa wani saurayi da jar hular soja, girarsa mai kauri. Ta ce yayanta ne, wanda aka ɗauka yaƙi bai dawo ba, kuma Kawu ne ya zana wa uwarsu shi. Mata suka yi caa a kansa suna salati. Ni na tashi na zagaya bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Kowa ya ɗauka kukan Kawu nake. Allah ya yafe mini, hassada ce. Ita tana da fuskar mamacinta naɗe a tsumma, tana buɗewa duk ranar da ta ga dama. Ni ban taɓa ganin fuskar uwata ba, kuma mutum na ƙarshe da ya san ta shi ne muka rufe da ƙasa ranar Laraba.

Uwata ƙanwarsa ce, su biyu kaɗai Kaka ta haifa suka rayu. Ta rasu ina da kwana biyar a duniya, ko suna ba a yi ba. Ubana soja aka ɗauke shi, shi ma shiru. Kaka ce ta goya ni. In na tambaye ta yadda uwata take, sai ta ce Allah ya jiƙanta, ta aike ni ɗebo ruwa. Maƙwabta kuma kowa cewa yake ubana na ɗauko sak, ko hanci ban ɗauko nata ba. Don haka madubi ma bai taɓa yi mini rana ba.

Abin da zan faɗa yanzu game da farkon aikin Kawu, a makon ƙarshe na ransa na ji shi daga bakinsa. Da na ji shi da wuri, da rayuwata ba haka ta tafi ba.

Ba da zanen mutane ya fara ba. Magini ne ɗan magini, sai dai tun yana saurayi an ga hannunsa ya fi zama a kan zayyanar bango, irin su dagi da takobi da igiyar da ke shiga tana fita ba a ganin bakinta. A lokacin, zamanin Anasara ne, wani falke mai fataucin goro tsakanin Kurfai da Gwanja ya gina gidan da ba a taɓa ganin irinsa ba a Filinge. Gidan bene ne. Azararsa raƙuma suka jawo ta daga kudu. Zaure uku ake wucewa kafin a ga tsakar gida, kowanne da tasar tangaran manne a tsakiyar rufinsa. Tagogin sama gilashi ne kore da ja, in rana ta bugo su sai daɓen ɗakin ya rine. Akwai madubi tsayin mutum da aka ɗauko a ka tun daga bakin teku bai fashe ba. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan ɗaure jakunansu su tsaya kallo baki buɗe, kuma kumandan Anasara mai mulkin garin da kansa ya taɓa zuwa ya hau benen ya sauko yana gyaɗa kai.

Kawu aka ba zayyanar ɗakin sama. Uwata ce ke kai masa fura, tana da tsohon cikina. Matakalar na gajiyar da ita, don haka in ta hau sai ta zauna bayan ƙofa ta huta, ƙwarya a kan gwiwarta, tana yi masa tsiya wai ya shekara yana zana igiya ɗaya. Rannan ya ɗauki gawayi ya ce ta yi shiru. Ya zana ta a bangon da ke bayanta, yadda take zaune. Kwana huɗu yana komawa kansa da shuni da jar ƙasa da baƙin tukunya, yana kwaɓa su da ƙaro don su kama. Ya ce ita kanta da ta juyo ta gani sai ta rufe baki tana dariya, ta ce ya ƙara mata kumatu.

Falken ya hau duba aiki, ya tura ƙofa, ya gani. Kawu ya ce shi dai ya tsaya gefe yana jiran kora. Mutumin ya ƙare wa zanen kallo, sannan ya ce ai wannan ɗiyar magini ce, har da yadda take karkata kai. Ya sa aka kawo allon katako, ya naɗa rawani ya zauna, ya ce a yi masa nasa. Daga nan labari ya bazu a gari.

Wata bai cika ba aka haife ni, uwata ta tafi. Kaka ta ce ba haihuwa ta kashe ta ba, an zare mata kurwa ne an manna a bangon wani. A gaban gawar ta kira ɗanta ta ce in ya sake zana wani mai jininta, ko ya buɗe baki ya faɗa wa marainiyar nan zancen wannan bango, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba, duniya da lahira. Ta aika a kankare zanen, falken ya ƙi, ya dai sa aka jera akwatuna a gabansa. Duk wanda ya sani a gari ya kama bakinsa don tsoron Kaka. Ana yin arba'in Kawu ya hau kamyo, babbar motar kaya, sai Yamai.

Labaran Yamai kam na sha su tun ina ƙarama, don kowace damina yakan dawo noman gero. Yakan ba mu labarin gidajen Anasara da ke kan tudu suna kallon kogi, masu baranda ta kowane gefe da daɓen siminti mai sanyi, fanka na juyawa a rufi, ana ba furanni ruwa safe da yamma alhali mata a ƙasan tudun suna hawa da tulu a ka. Fentin ƙofofi da tagogi ya fara yi a can. Wata madam ta kama shi yana zana kukunta a bayan kwali, ta ba shi ragowar fentinta da buroshi, ta zauna ya zana ta. Da ta ga hancinta yadda yake, ta yi ta masifa da harshensu, ta jefa allon tsakar gida. Kukun ya ce masa ai da ya rage mata kaɗan. Kawu ya ce shi abin da Allah ya aza yake zanawa, in tana da ƙara ta kai can. Bai taɓa rage wa kowa hanci ba, bai taɓa ƙara wa kowa gashi ba, kuma wannan taurin kai ya rufe masa ƙofofi da yawa.

Duk da haka manyan gari sun neme shi, attajirai da ma'aikatan biro, wato ofis, da matansu. Ta ƙofar baya yake shiga, a zaunar da shi kusa da madafa, a kawo mai gida ya zauna a kujera. In mutum ya cika motsi sai ya ce masa, ko wane ne shi, kada ka motsa, ina kan hanci. Har ya tsufa in ana damunsa yana wani aiki, ko gyaran fartanya ne, haka yake cewa. Bai taɓa ganin aikinsa a rataye ba, don ba a shigar da irinsa falo. In masu gida sun tashi, wasu zanen su bi jirgin ruwa, wasu a bar wa ma'aikata. Ya taɓa wucewa bayan wani gida ya ga wani babban ma'aikaci da ya yi mako biyu yana zanawa an mai da shi ƙyauren akurkin kaji. Yana ba da labarin yana dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

Wata ɗabi'arsa da ke ba ni haushi ita ce, duk ranar da ya sauka, bayan ya gaida Kaka, sai ya kira ni ya kama hannuna na dama ya juya shi. Ɗan ƙaramin yatsana a lanƙwashe yake, haka aka haife ni, yara na yi mini ba'a da shi. Zai kalle shi, ya kalle shi, ya saki. Na ɗauka shi ma mamakin munin abin yake.

Zanen sojan nan na Sanam a gabana aka yi shi, wata damina, ina hutun lakwal, makarantar boko. Uwar sojan ta zo da ƙaninsa ta zaunar, ta ce haka yake amma ba haka ba. Kwana uku tana tsaye a kan Kawu, tana cewa girar ta fi haka kauri, haɓar ba ta kai haka tsawo ba, shi kuma yana gogewa yana sakewa ba ko tsaki. Da ya gama ta karɓa ta zauna a ƙasa, ta shiga yi wa allon faɗa don me bai aiko da ko gaisuwa ba. Kawu bai karɓi komai nata ba sai nonon da ta kawo a gora.

Suna fita na durƙusa gabansa na ce ya zana mini uwata. Ai shi ba ya bukatar kowa ya tsaya masa a kai, tare suka tashi. Ya ci gaba da wanke buroshinsa, ya ce ba ya iyawa. Na roƙa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah. Ya ce ba ya iyawa. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Na ce masa yana da hannun zana matattun bare da matan Anasara, amma ƙanwarsa ba ta kai ya ɓata fenti a kanta ba. Kaka na tsakar gida tana tankaɗe, tana ji, ko ɗago kai ba ta yi ba. Daga ranar na daina gaishe shi, sai dai in ya yi magana in amsa da ƙyar.

Ana cikin wannan gabar, bayan shekara biyu, gab da Anasara su naɗe tutarsu, ɗan falken nan zai yi aure. Uban ya riga ya rasu. Aka kira Kawu ya sabunta zayyanar gaban gida, mu kuma 'yan matan unguwa aka gayyace mu shafe, yadda aka saba, a jiƙa farar ƙasa a ƙwarya, kowa da tsummanta, ana waƙa ana shafa. Ɗakin sama aka ware wa amarya. Muka ja tsofaffin akwatunan da ke bayan ƙofa, ɓeraye suka watse, sai ga mace zaune a bango. Yanar gizo ta rufe ta, shunin ya koɗe, amma ana ganinta sarai, ƙwarya a gwiwa, kai a ɗan karkace, tana shirin yin dariya. 'Yan mata suka yi ta shewa. Wata dattijuwa a gidan ta leƙo ta ce a shafe, mala'iku ba sa shiga ɗaki mai siffa, amarya ba za ta kwana da wannan ba.

Ina ganin zanen na san hannun waye. Ina juyawa kuma sai ga shi a bakin ƙofa, hannunsa duk jar ƙasa, yana haki don ya hau da sauri. Ba mu yake kallo ba. Haushina na shekara biyu ya taso mini, na tsoma tsumma a ƙwarya na ce, a gaban ƙawayena:

"Kawu, wagga ma aikinka ce? Ɗiyar wa ce haka, da ta samu darajar da uwata ba ta samu ba?"

Ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya ce:

"Shafa ki wuce, ɗiyata."

Da fuskar na fara. Da gayya na fara da ita, don ya ji zafi. Sau uku ina maimaitawa, saboda idanun suna ta ɓullowa ta cikin farar ƙasar. Da na gama na waiwaya, ba ya nan. Aka ce bai ƙarasa aikin gaban gidan ba, ya ce zazzaɓi ya kama shi.

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu. Masu ɗaukar hoto suka cika gari da akwatunansu, ba wanda zai sake zama kwana uku don a zana shi, Kawu ya tattaro ya dawo Filinge yana fentin ƙofofin shaguna. Ni na zama malamar lakwal, na yi aure, na haifa, na aurar. Muka shirya da shi ba tare da an yi zancen ba. Kullum zai zo gidana da hantsi ya zauna gindin itacen bedi, ya ce shayina ruwa ne, ya sha kofi biyu. Lokaci lokaci nakan ɗauko maganar uwata, shi kuma ya ɗauko ta farashin gero ko ciwon gwiwarsa.

Da ciwo ya kwantar da shi ni na yi jinya. Ranar Alhamis bayan la'asar ina ba shi kunu, na ga yadda cokalin ke komawa da rabi, na san tafiya ta zo. Tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya fito da fushi, yadda ya saba yi mini. Na ajiye kwanon na ce masa Kaka ta mutu tun yaushe, shi ma ga shi zai bi ta, kuma zai shiga kabari da uwata a cikin kansa ya bar ni hannu wofi. Na ce ban san abin da na yi masa ba.

Sannan ya ba ni labarin gidan falke tun daga farko, da furar, da gawayin, da rantsuwar Kaka. Tun kafin ya kai ƙarshe na gane inda ya dosa. Na ce masa ya yi shiru, bai yi ba.

"Ke ce kin shafe ta," ya ce. "Na karɓi aikin bukin nan don in hau in gan ta sau guda. Tsohuwa na da rai, bakina a ɗaure. Bayan ta mutu kuma, mi zan ce miki? In ce ke ce?"

Na ce to ya zana ta yanzu, ga gawayi a murhu, ko a ƙasa ne, ko da layi biyu ne. Ya ɗaga hannun ya nuna mini yadda yake karkarwa, ya ce ba ma hannun ba ne. Ya ce fuskoki sun yi masa yawa, ya zana ɗaruruwa a kan tata, tun yana Yamai ta fara ɓace masa. In ya rufe ido yana ganin yadda take zama, yana jin dariyarta, amma wurin fuskar fari ne. Ya roƙe ni gafara. Shi ya roƙe ni. Ni da ya kamata in kama ƙafarsa, sai na ɗauki kwanon kunu na fita.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki cokali na nufi gidan falke. Magadan duk suna Yamai. Awaki ne a zauren farko, an ɓanɓare tasoshin rufi, gilashin nan kore da ja ko ɓallinsa babu, jemagu sun mallaki sauran. Mai gadin gidan ya ce bayan damina za a rushe a yi shaguna. Ya ce kada in hau, matakalar ta ci. Na hau da rarrafe, da tsufana.

Rufin ɗakin sama ya rufta tun tuni, sararin Allah ne a kai. Bangon bayan ƙofa na tsaye. Amma ruwan shekaru ya bi ta samansa ya wanke shi har laka, daidai inda kan mutum zai kasance in yana zaune. Na tsaya ina kallon lakar, na san babu sauran abin nema a wurin. Can ƙasa farar ƙasa na nan, shafe a kan shafe, na kowace Sallah da kowane buki. Na durƙusa na fara kankarewa a hankali. Wani wurin fentin ya biyo ɓawon ya marmashe a hannuna. Na yi ta yi har rana ta karkata. Sai ga shuni. Sai ga bakin ƙwarya. Sai ga hannu a kan ƙwaryar, na dama, yatsu huɗu a jere, ɗan ƙaramin a lanƙwashe.

Na aza nawa a kai. Ko wurin lanƙwasar bai saɓa ba. Shekara da shekaru yana kama hannuna yana kallo, ashe abin da ya rage masa nata ke nan, ni kuma ina fizgewa ina tura baki.

Na gwada ɓanɓaro wurin in tafi da shi gida, na ga yana tsagewa, na bari. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Mai gadin ya aiko a gaya mini bangon ya zube. Ban koma ba.

Kawu, kai da ka zana rabin manyan Yamai, babu wanda ya zana ka, kuma ba ka taɓa yarda ka tsaya gaban mai hoto ba. Yau kwana arba'in, na rufe ido ina neman ka, na ga hularka da fentin da ke ƙarƙashin farcenka, amma girarka ta fara yi mini gardama. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan tun ina iyawa. Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka abin da malamin Tabla ke tsoro da abin da bai sani ba, ya sada ka da tsohuwa cikin yafiya. In kun haɗu da ƙanwarka, ka dube ta da kyau. Ka ce mata ni ce na shafe ta, har sau uku, kuma ban san ita ce ba.